Rasuwar Tafunast a Hawan Kerdus

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da har yanzu ba su yarda an daina tafiya ba, ni Mbarek Id Bella, tsohon mahaƙin kwal a garin Lens na ƙasar Faransa, nake sanar da 'yan uwa da abokan hanya rasuwar motarmu ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da Tafunast, wato Saniya a harshenmu. Ta rasu ranar Talata da hantsi, farkon watan Maris, a hawan Kerdus da ke kan hanyar Tiznit zuwa Tafrawut a can ƙasarmu ta haihuwa, bayan gajeriyar rashin lafiya da ba ta kai awa guda ba. Ta bar duniya tana da shekara talatin da ɗaya, da kilomita dubu ɗari huɗu da goma sha biyu a agogonta, ban da na shekara biyun da agogon ya yi a tsaye.

Kafin in fara rubutun nan na tambayi limamin ƙauyenmu ko ya halatta in ce mota ta rasu. Ya ce in ji tsoron Allah in ce ta lalace. Na gode masa, na kuma yarda cewa ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Amma shi bai taɓa kwana a cikinta ana ruwan ƙanƙara a bayan garin Burgos na ƙasar Sifen ba, saboda haka zan ce ta rasu, Allah ya yafe mini.

An haifi marigayiya a Turai, a shekarar 1988. Mai ita na farko abokina ne Stanis, jikan mutanen Poland, wanda muka yi shekara goma sha shida muna haƙa a rami ɗaya. Ƙurar kwal ta cinye masa huhu, likita ya ce ya nemi iskar teku, shi ne ya saye ta yana kai matarsa bakin ruwa duk bazara. Da ciwon ya kwantar da shi, sai ta yi shekaru a bayan gidansa kyanwoyi suna haihuwa a kan gadonta. Ranar da na je duba shi karo na ƙarshe ya sa aka ɗauko mabuɗin ya danƙa mini, yana numfashi da kyar ya ce, "Ɗauke ta, Mbarek. Kai ne ba ka iya zama, ita kuma zama ne ke kashe ta." Bai yi ƙarya ba. Tun da na bar aiki nake zarya a ɗan gidanmu na bene, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, har matata Ijja ta ce na yi wa dardumarta hanya a tsakiya, matar da ke ƙasanmu kuma ta riƙa buga rufin ɗakinta da sandar tsintsiya. Wanda ya yi shekara goma sha shida dutse na bisa kansa ba ya son ɗakin da ba ya motsi. Haka nake gaya wa mutane, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ita ce duka gaskiyar ba.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai rufin asiri, marar son gudu. Tana da gado ɗaya da murhu mai baki biyu, da ɗan banɗakin da sai mutum ya shiga da baya, da tagar da take zubar da ruwa daidai kan ƙafata ta hagu, ba ta taɓa kuskure ta zuba wa Ijja ba. Da safe takan tashi da tari irin na Stanis, kyaf, kyaf, kyaf, sannan ta ce gurrr, duk cokulan da ke cikin akwatin girki su amsa mata. Idan ta fuskanci tudu sai ta ja wani dogon kuka daga cikinta, mmuuu, wanda ya sa Ijja ta raɗa mata suna tun tafiyarmu ta farko. Tirela ta sha wuce ta, keke ma ya taɓa wuce ta sau ɗaya a ƙasar Sifen, ba ta ji haushi ba. Abin da na fi ƙauna a halinta shi ne, shekara goma sha ɗaya muna tare ba ta taɓa tambayata ina za mu ba, ba ta kuma taɓa tambayata yaushe za mu koma ba.

Duk watan Nuwamba mukan rufe gidan Lens mu gangaro, Bordo, Burgos, Aljaziras, mu hau jirgin ruwa mu sauka Tanja, mu bi gaɓar teku har Dakhla, mu juyo. Ku da kuka san mu a bakin ganuwar Tiznit da filin Sidi Ifni kun san ban taɓa wuce kwana uku a wuri ɗaya ba. Tsofaffin Turawa sukan kafa motarsu wata uku cur, su fito da tukwanen furanni da igiyar shanya da ɗan kare mai riga, ni kuwa kafin su gane sunana na naɗe tabarma. Sun sa mini suna Masinja, suna tambayar Ijja wace wasiƙa ce nake kaiwa da har yau ba ta isa ba. Ina dariya tare da su. A Lens ni Bamaroke ne ko da zan shekara ɗari, a kasuwar Tiznit kuwa da an ga lambar motata sai a fara yi mini Faransanci. A cikin Tafunast kaɗai ba wanda ke tambayata ni ɗan ina ne, direba ne kawai.

Ta rasu ta bar ni, ta bar Ijja wadda ta yi mata girki da shara ba tare da ta taɓa cewa tana son ta ba, da 'yarmu Najat da ke Lens, da jikoki uku da aka zana tsawonsu da biro a ƙofar durowar kaya. Ta kuma bar tukunyar gas rabi, da tayar safaya da ta girme ta, da butar shayi, da kujeru biyu masu naɗewa. Ta Ijja ta tsufa har an yi mata faci sau biyu. Tawa tana nan da ledar da aka sayo ta da ita, domin ni a tsaye nake shan shayi, ƙafa ɗaya a kan matakalar mota.

Akwai abu guda kuma da ta bari, wanda ya zama dole in ambata, don ba za a gane ciwon ajalinta ba sai da shi. Kaset ne, a cikin ɗan akwatin da ke gaban kujerar fasinja, an ɗaura masa jan zare.

Mu da aka kwaso daga duwatsun nan zuwa ramukan kwal ba mu iya karatu ba a lokacin, iyayenmu ma haka. Ni sai daga baya na koya. Wasiƙarmu kaset ce. Mutum ya zauna gaban rakoda ya gaida kowa da sunansa, ya faɗi abin da ke ransa, a ba duk wanda ke tafiya ya kai. A shekarar 1984 saƙo ya zo mini cewa mahaifiyarmu Fadma ba ta da lafiya. Na ce sai hutun Agusta. Ta rasu a watan Mayu. Bayan sati uku wani ɗan garinmu ya kawo mini kaset daga yayana Bihi, wanda nake kira Dadda kamar yadda kowane ƙane ke kiran babban wansa a wajenmu. Na sa a rakoda ina tsaye da kayan aiki a jikina. Bai gaishe ni ba. Ya ce sun dawo daga maƙabarta yanzun nan, ƙasa na hannunsa bai wanke ba. Ya ce ta waiga ƙofa har ranar ƙarshe. Ya ce tun da ramin Nasara ya fi mini uwata, to in zauna a ciki, kada in zo musu da mota da tabarau a watan Agusta ina neman a nuna mini kabari. Na danna maɓalli na zare kaset ɗin, ban ƙara sa shi ba. Ban kuma yar ba. Ya bi ni gida uku, daga ƙarshe ya shiga Tafunast ya zauna.

Ƙauyenmu, Tagadirt, kilomita huɗu ne daga wata mararraba da ke tsakiyar hawan Kerdus. Dangin Ijja kuwa suna can gaba, kusa da Tafrawut, kuma hanya ɗaya ce. Duk shekara sai na kai ta wajensu ta yi sati biyu, ni in tafi yawona, in dawo in ɗauke ta. Zuwa da dawowa, zuwa da dawowa, sau huɗu ke nan a shekara nake wuce mararrabar nan. Tun daga Tiznit Ijja take yin shiru. Idan mun iso sai ta ce ga mararraba, ni kuma in ce na gani, in taka totur. Marigayiya, wadda ba ta son gudu ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ita ke ɗaukar nauyin wannan magana tamu, ta yi kukanta ta wuce da mu. Sama da sau arba'in ta yi mini haka ba ta tona mini asiri ba.

Ranar Talatar ta tashi lafiya, ta yi tarinta uku kamar kullum. Mun ɗauko man zaitun da buhun gari da barguna na dangin Ijja, tankin ruwa kuma cike. Rana ta yi zafi da wuri. Tun a gindin dutsen na ga allurar zafi ta wuce inda ta saba tsayawa, na yi kamar ban gani ba. Kwanar hanya biyar muka sha, allurar tana hawa tare da mu, kukan nata kuma ya canja, ya zama siriri kamar tana roƙo.

Duk direban da ya san hanyar nan ya san maganin wannan. Ka sami wuri shimfiɗaɗɗe ka tsaya, ka bar injin yana juyawa a hankali har ya huce, sannan ka ba shi ruwa. Ni da bakina na koya wa Turawa da yawa haka a Sidi Ifni, ina nuna su da yatsa. Kuma duk hawan nan wuri ɗaya ne tak mai faɗi da inuwar itacen argan da rijiyar ruwan sama a gefe, shi ne mararrabar Tagadirt. Muna isowa allura ta shiga ja. A karo na farko Ijja ba ta ce ga mararraba ba.

"Mbarek, ka tsaya ta sha ruwa," ta ce. "Ba kai na ce ka sha ba. Ita."

Na ce mata saman dutsen ya kusa, iska za ta sanyaya ta a gangara. Na taka totur.

Ta kai mu kilomita biyu. Allah ya sani ta yi iyakar ƙoƙarinta. Sai na ji wani abu ya ce tas a cikinta, ƙaramin sauti, kamar an karya busasshen kara, farin tururi ya rufe gilashi, ta ce kyaf sau ɗaya, ta yi shiru. Cokula ma suka yi shiru. Na gangara da ita gefen hanya, na fito na buɗe mata gaba, na rufe, na zagaya ta, na sake buɗewa. Na harbi taya. Na tare wata motar haya, da ta tsaya kuma na rasa abin da zan ce wa direban, na ɗaga masa hannu ya wuce. Ijja ta fito da kujerarta ta kafa a inuwar motar, ta ciro waya daga cikin mayafinta ta kira wata lamba. Na lura ba ta tsaya neman lambar ba. Daga baya ta gaya mini ba tare da ko ɗar ba cewa duk shekara, idan na ajiye ta na tafi yawo, takan hau motar haya ta je Tagadirt ta kwana biyu, kuma kowa ya sani daga Tiznit har Lens, ban da ni.

Bayan kamar awa ɗaya muka ji tarakta tana hawowa. Wani tsoho ne a kai da fuskar mahaifinmu, fuskar da na bari a kan mutum mai baƙin gemu. Ya sauko a hankali yana dafa gwiwa, ya gaida Ijja, ya tambaye ta jikoki da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ya zagaya Tafunast, ya shafa gefenta, ya durƙusa ya ɗaura sarƙa. Bai dube ni ba sai da ya gama.

"Shiga ka riƙe sitiyari," ya ce. "A gangara ka riƙa taka birki, in ka san inda yake."

Na ce to, Dadda. Abin da na iya faɗa ke nan bayan shekara talatin da biyar.

Haka na shiga garinmu. Na sha tsara wannan shiga a kaina, amma ban taɓa tsara ta a ƙarshen sarƙa ba, ana jana da saurin jaki, mata a kan soraye suna kallo, tsofaffi a bakin masallaci suna tambayar juna ko wannan ne Mbarek ɗin Fadma. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma babu totur ɗin da zan taka. Aka ajiye ta a bayan gidan Dadda, kusa da itacen almon da ya yi fure. Washegari wani makanike, Malam Sa'id, ya zo daga Tiznit. Ya zare sandar mai ya duba, ya ga ya koma kamar madara, ya leƙa da tocila, ya goge hannunsa da tsumma ya daɗe yana gogewa. Ya ce injin ya tsage daga sama har ƙasa, irinsa kuma an daina yi tun kafin ya koyi aiki. Sannan ya cire hularsa, abin da ya sa na yafe masa sauran maganar da ya yi game da direbobin da ba sa kallon allura.

An gyara mini ɗaki a cikin gida, na ƙi. Kwana uku ina kwana a cikin gawar, ina cin abinci a tsaye a ƙofarta, ina zagaya itacen almon har kajin gidan suka fara kauce mini. Ni da Dadda muna gaisawa kamar mutanen da suka haɗu a tasha. A rana ta uku bayan azahar ya zo ya ƙwanƙwasa jikinta, ya shigo, ya zauna a kujerar fasinja ta Ijja. Ya ce yana son ganin irin gidan da ya fi na ubanmu. Ya buɗe wannan ya rufe wancan, ya yi dariyar banɗakin, har hannunsa ya kai kan ɗan akwatin gaba. Ya ga jan zaren. Shi ya ɗaura shi da hannunsa.

Ya juya kaset ɗin a tafinsa ya ce abin da ya faɗa ya faɗa, a ranar da ya faɗa, kuma da ranar za ta dawo da ya sake faɗa. Na ce ban musa ba. Ya ce ba wannan ne ya hana shi nemana ba. Fushin ƙane da wa ba ya shekara talatin.

"Abin da ban iya haɗiyewa ba," ya ce, "ka ji nata, amma ka ƙi zuwa."

"Nata wa, Dadda?"

Ya ɗaga kaset ɗin. Sannan ya ce a hankali, "Ba ka juya ba."

Kaset ɗaya ne a gidan a lokacin. Sati guda kafin mahaifiyarmu ta rasu ta sa ya kunna mata rakoda ta yi mini magana, aka ajiye ana jiran mai tafiya Faransa. Mai tafiya bai samu ba sai bayan ta tafi. Da Dadda ya dawo daga maƙabarta da ƙunar rai, sai ya juya ɗaya gefen ya zuba nasa, ya ɗaura zare ya bayar. Bai ga dalilin yin bayani ba, kuma yana da gaskiya. A wajenmu ba a aika kaset da gefe ɗaya babu komai, ko da gaisuwar awaki ce sai an cika shi. Jariri ma ya san ana juyawa. Ni da na juya kaset ɗari a rayuwata, wannan ɗaya na ɗauke shi na zagaya da shi ƙasa uku shekara goma sha ɗaya, yana nesa da gwiwata da taƙi biyu, ban juya ba.

Babu sauran rakoda a Tagadirt, kowa waya yake riƙewa. Amma Stanis, Allah ya saka masa, ya haɗa rediyon motar da batiri na biyu na ɗakin kwananta, wanda farantin rana da ke kan rufi ke ciyarwa. Injin ya mutu, wannan bai mutu ba. Dadda ne ya tura kaset ɗin. Don haka duk wanda ya ce kyaf ɗin hawan Kerdus ne sautin marigayiya na ƙarshe bai faɗi daidai ba. Ta fara da shhh mai tsawo, sai zakara ya yi cara daga shekarar 1984, sai tari, sai wata murya tana tambaya ko abin ya fara.

"Mbarek, ɗana, ni ce. An ce maka ba ni da lafiya. Kada ka taso, hanya da nisa, Nasaran nan kuma ba sa jiran mutum. Na san ka. Tun kana wata tara ka miƙe, ban ƙara samun ka a inda na ajiye ka ba. Ban riƙe ka da komai ba, ka ji? Abu ɗaya nake so. Ranar da ka gaji, ka zo wajen yayanka ka sha shayi kofi uku a zaune. A zaune na ce, ba a tsaye ba kamar ɗan aike. Bihi, kashe abin nan, batir na ƙarewa."

Sai ƙas. Muka mayar baya don mu sake ji, rediyon ya yi wani ɗan nishi ya tofo kaset ɗin lafiya lau, fitilarsa ta mutu. Daga nan Tafunast ba ta ƙara cewa komai ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, irin kukan da ban yi ba a 1984. Na ji haushin Dadda da ya aiko kaset ɗin a saite a gefen maganarsa, na ji haushin kaina ninki goma, na ji haushin hanyar Bordo da ta Dakhla da duk wata hanya da na bi ina gudun maganar da ba ita ce ta ƙarshe ba. Dadda bai rarrashe ni ba. Ya zauna yana kallon gilashi kamar muna tafiya, can ya ce kujerar nan ba daɗi, bai san yadda Ijja ta jure ta ba.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Kamar yadda kuka sani, mota mai lambar waje tana shigowa ne da takardar kwastan a kan fasfon mai ita, tana da kwanakinta, kuma na Tafunast za su cika a watan Mayu. Hanya biyu ce. Ko a ɗora ta a babbar mota in raka ta Tanja ta haye teku a binne ta a ƙasar haihuwarta, ko in miƙa ta ga hukuma a nan a share sunanta daga nawa. Abokai na Tiznit sun yi ta kirana suna cewa in raka ta, akwai wata irinta ana sayarwa a kusa da Bordo, mai sabon inji, kafin Nuwamba na dawo kan hanya. Na karɓi lambar mai motar. Na kira sau biyu, ina kashewa kafin a ɗauka. Ijja ta ce in je in ina so, ba za ta riƙe mini riga ba, amma ita ta gama girki a murhun da tukunya ke gudu a kai, za ta raba shekararta tsakanin nan da jikokinta kamar masu hankali, a jirgin sama. Na fita na zagaya itacen almon. Na dawo na goge lambar, sannan na tuna na haddace ta, to wannan kuma sai a taya ni da addu'a.

Saboda haka za a ɗauki marigayiya ranar Alhamis da safe daga bayan gidan Bihi Id Bella zuwa Agadir, inda za a miƙa ta. An cire mata ƙofar durowa mai tsawon jikoki da butar shayi da kujeru, sauran ta tafi da su. Ni zan raka ta a ƙafa zuwa mararraba, ba zan wuce nan ba. Kafin nan, ranar Laraba, Dadda zai kai ni ya nuna mini kabarin da ya ce kada in zo nema.

Za a karɓi gaisuwa daga ranar Juma'a bayan sallah, akwai kuskus. Masu zuwa da manyan motoci su bar su a inuwar argan, su ba su ruwa, su tako. Ba a buƙatar furanni, kuma duk wanda ya zo mini da hoton motar sayarwa a wayarsa Dadda ya ce shi zai raka shi ƙofa. Shayi kofi uku ne, a zaune. An yage ledar kujerata. Na farko yana wucewa lafiya, a na biyu gwiwata take fara rawa, idan aka zo na uku sai in ga na miƙe ban sani ba, Dadda ya kamo gefen jallabiyata ya mayar da ni ba tare da ya katse hirarsa ba.

Idan kun zo ba ku tarar da ni ba, kada ku ce Masinja ya gudu. Ina mararraba ina kallon motoci suna hawa, ina yi wa masu tururi hannu su tsaya. Ku zauna, ina dawowa kafin ruwa ya tafasa. Jiya na kai kofi biyu da rabi.

Mai sanarwa,
Mbarek Id Bella,
gidan Bihi Id Bella, Tagadirt, kilomita huɗu daga mararraba, a juya dama a bakin rijiya.